Kuɗin Ƙananan Hukumomi Da Amanar Masu Riƙe Da Su: Tsokaci Daga Ƙofar Nassarawa

Duk mutumin karkara da wata buƙata ta hukuma ta taɓa kawo shi birnin Kano ya san Ƙofar Nassarawa. Wanda ya tsaya a gindin gadar saman da aka gina a wurin a zango na biyu na mulkin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, idan ya ba birni baya, hanya ce za ta kai shi Sakatariyar Audu Bako da Majalisar Dokokin Jiha da kuma Gidan Gwamnati. Idan kuwa ya juya ya fuskanci cikin gari, hanyar za ta sada shi da Ƙofar Kudu, inda fadar Mai Martaba Sarki take, inda kuma sakatariyar Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye take. Fiye da shekara ɗari ke nan takardun dukiyar jama'a suna kai-komo ta wannan ƙofa. A zamanin Turawa, a cikin birni ake tsara kiyasin kuɗin En'e, sannan a fita da shi Nassarawa wurin Razdan domin a duba. A yau ma, fayil-fayil na ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano a ofisoshin da ke wajen ganuwar suke samun sa hannu, kuma tambayar da ake yi tun wancan lokaci ba ta sauya ba: wane ne yake riƙe da kuɗin, wane ne kuma yake duba mai riƙon?

Abin da ya sake tayar da wannan tambaya shi ne hukuncin da Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, a ƙarar da Ministan Shari'a na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36. Alƙalai bakwai ne suka zauna, kuma Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin. A taƙaice, kotun ta ce gwamnatin jiha ba ta da hurumin riƙe kason ƙananan hukumomi ko ta kashe shi a madadinsu. Ta ce a riƙa tura kuɗin kai tsaye daga asusun tarayya zuwa ga kowace ƙaramar hukuma. Ta kuma ce kantomomi da kwamitocin riƙo ba su da gurbi a Kundin Tsarin Mulki, domin sashe na 7 na kundin ya tanadi majalisun da jama'a suka zaɓa ne, saboda haka ƙaramar hukumar da ba ta da zaɓaɓɓun shugabanni ba za a ba ta kasonta ba.

Yanke hukunci daban, aiwatar da shi daban. Har zuwa ƙarshen 2025 ba a ga cikakken biyan kuɗin kai tsaye a yawancin jihohin ƙasar nan ba, domin batun buɗe asusu a Babban Bankin Nijeriya da sharuɗɗan da aka gindaya masa ya ja lokaci, ga kuma sashe na 162 na kundin wanda har yanzu yake ambaton asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta. Amma alkiblar da aka dosa a bayyane take. Sannu a hankali nauyin kuɗin yana komawa kan ciyaman da ma'aji da kansiloli, kuma uzurin da aka daɗe ana fakewa da shi, wato cewa kuɗin yana can sama ba a sako ba, yana gab da ƙarewa. Wannan ne ya sa ya zama wajibi jami'an ƙananan hukumomi su sake karanta ƙa'idojin da suka hau kansu, mutanen karkara kuma su san abin da doka ta ba su ikon tambaya.

Tarihin da ya kamata a tuna

Kafin zuwan Turawa, abin da hakimi ko jakada ya tara na haraji yakan cire nasa ya miƙa saura, babu wani littafi guda da ya raba aljihun mai sarauta da asusun jama'a. A zamanin Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, aka kafa Baitulmali, aka yanka wa Sarki da hakimai da alƙalai albashi, aka ɗora wa Ma'aji alhakin rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ko da yake Turawa sun yi haka ne domin amfanin mulkinsu, tsarin ya bar mana gado guda mai daraja, wato cewa kuɗin hukuma ba ya fita sai da takarda, kuma takardar tana da mai duba ta. Da wannan Baitulmali ne En'e ta Kano ta kai ga samar wa birni ruwan famfo da wutar lantarki da asibiti tun kafin samun 'yancin kai.

Idan ba a manta ba, a kan wannan asusu ne aka yi ɗaya daga cikin manyan girgizar da Kano ta gani a ƙarni na ashirin. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta naɗa wani jami'i Bature, D.J.M. Muffett, ya binciki harkokin kuɗin En'e ta Kano, wadda a lokacin ta shiga matsin rashin kuɗi. Bayan binciken ne Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus a 1963, ya koma Azare da zama. Masana tarihi sun yi saɓani a kan ko lissafi ne ya fi yawa a cikin al'amarin ko kuwa siyasar da ke tsakanin Kano da Kaduna, kuma ba wannan ne wurin warware saɓanin ba. Abin lura kawai shi ne, littafin kuɗi aka buɗe, kuma da aka buɗe shi babu wanda girmansa ya hana a tambaye shi.

Gyaran da aka yi wa ƙananan hukumomi a 1976 ya kawo tsari iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, ya kuma ba su kaso daga asusun tarayya. Bayan shekara uku, a 1979, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Ko shakka babu talaka ya huta da wani nauyi da ya daɗe yana kuka da shi, kuma waɗanda suka ga yadda ake karɓar harajin a da ba za su yi fatan dawowarsa ba. Sai dai akwai abin da ya biyo baya wanda ba a cika faɗa ba. Magidancin da ya sayar da akuyarsa ya biya haraji yana jin cewa kuɗin hukuma guminsa ne. Da kuɗin ya koma zuwa daga Legas, daga baya kuma daga Abuja, sai aka fara kallonsa a matsayin kuɗin gwamnati, abin da ba shi da mai shi, har ta kai ana yi wa wanda ya riƙe muƙami ya sauka hannu rabbana kallon wanda bai da wayo. Alhali kuwa kuɗin nan rabon mutanen ƙauye ne daga arzikin ƙasa, da sunansu da yawansu aka karɓo shi, ga kuma harajin kayayyaki da kowa yake biya duk lokacin da ya sayi katin waya ko buhun siminti.

Inda kuɗin yake fitowa

Bisa tsarin rabon da aka fara aiki da shi a 2004, Gwamnatin Tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma kashi 20.60. Daga harajin kayayyaki kuwa kason ƙananan hukumomi kashi 35 ne. Ana buga abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu duk wata, kuma mai wayar da ke da intanet yana iya ganin na Doguwa ko Albasu ko Makoɗa ba tare da ya roƙi kowa ba. Amma ya kamata mai karatu ya yi adalci wajen karanta waɗannan alƙaluma. A cikin wannan kaso ne ake biyan albashin malaman firamare, wanda shi kaɗai yakan lashe babban ɓangare, da albashin ma'aikatan lafiya na matakin farko da sauran ma'aikata, da kuɗin fansho, da kason masarauta. Abin da ya rage bayan waɗannan shi ne na rijiya da kwalbati da gyaran aji. Wanda ya ji adadin da aka turo ya ɗauka duka yana kan teburin ciyaman ya yi kuskure. Wanda kuma aka ce masa albashi ya cinye komai, yana da haƙƙin ya ce a nuna masa jerin masu karɓar albashin, domin a nan ne ma'aikatan bogi suke ɓuya.

Hanya ta biyu ita ce kuɗin shiga na cikin gida. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya ba ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu da bandakunan jama'a, da lasisin kekuna da amalanke da baro, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sanya wa tituna suna, da kwashe shara. A mafi yawan waɗannan akwai kuɗin da ake karɓa. Ƙa'idar kuwa ba ta da wuyar fahimta: duk abin da aka karɓa a ba da rasit na hukuma mai lamba, mai karɓar kuɗin ya kai shi baitulmali yadda ya karɓo shi, ba shi da ikon ya cire na mai ko na abinci kafin ya kai. Wanda ya taɓa zuwa karar shanu ta Wudil ko kasuwar hatsi ta Dawanau ya ga yawan hada-hadar da ake yi, zai fahimci cewa ƙananan kuɗaɗen nan idan suka taru ba ƙanana ba ne. Shi ya sa ɗan tireda ko mai sayar da tumaki da ya yarda ya ba da rabin kuɗi a kan kada a yanka masa rasit, yana ganin ya ci riba, alhali da hannunsa ya taimaka aka sace kuɗin magudanar ruwan da za ta hana rumfarsa cika da damina.

Dokar ɗa'ar ma'aikata

Mutane da yawa suna zaton dokar ɗa'ar ma'aikata ta gwamnoni ce da ministoci. Ba haka abin yake ba. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa waɗanda dokar ta shafa, kuma a cikinsu ya ambaci shugabanni da 'yan majalisa da ma'aikatan ƙananan hukumomi ƙarara. Ke nan daga ciyaman har zuwa malamin haraji na kasuwar ƙauye, kowa yana ciki.

Farkon abin da dokar ta hana shi ne jami'i ya sa kansa a inda son ransa zai yi karo da aikin da aka ba shi. Ma'aikaci na cikakken lokaci ba ya karɓar albashi biyu daga gwamnati, kuma ba ya gudanar da kamfani ko kasuwanci na kansa, in ban da noma wanda dokar ta keɓe. Haka kuma ta toshe ƙofar da aka fi bi, domin ta ce duk abin da jami'i ya aikata ta hannun wakili ko wani da ya ɓoye a bayansa, kamar shi ya aikata da kansa. Saboda haka rajistar kamfani da sunan ƙane ko suruki ko yaron gida, sannan a ba shi kwangilar ginin asibitin sha-ka-tafi, ba dabara ba ce da ke kuɓutar da kowa. Dokar ICPC ta 2000 ma ta tanadi ɗaurin shekara bakwai ga ma'aikacin da ya mallaki wani rabo a kwangilar da ta fito daga ofishinsa, da ɗaurin shekara biyar ga wanda ya yi amfani da muƙaminsa ya ba kansa ko danginsa wata alfarma da ba ta dace ba.

Batun kyauta ya fi kowanne wuya a wurinmu, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Mu mutane ne masu zumunci da gaisuwa. Ba a zuwa wurin babba hannu na dukan cinya, kuma mayar da kyauta abin kunya ne. Dokar ba ta jahilci wannan ba, domin ta yarda jami'i ya karɓi kyautar 'yan'uwa da abokai gwargwadon abin da al'ada ta sani, a lokutan da al'ada ta sani, kamar suna da biki. Abin da ta hana shi ne karɓar wani abu saboda aikin da aka yi ko aka ƙi yi a ofis. Ta kuma ƙara da cewa duk kyautar da ta fito daga ɗan kwangila ko kamfanin da ke hulɗa da gwamnati, za a ɗauke ta a matsayin saɓa doka har sai jami'in ya tabbatar da akasin haka. Ragon layya da buhun shinkafar azumi da kujerar Makka, idan daga hannun mai neman a biya shi kuɗin aiki suka fito, sun shiga wannan hukunci ko da an kira su da sunan alheri. Wannan ma'auni ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malamanmu sun daɗe suna karantar da labarin ma'aikacin zakkar da ya dawo wurin Manzon Allah (SAW) ya ware wani abu a matsayin kyautar da aka yi masa, aka kuma nuna masa cewa da yana zaune a gidan iyayensa babu mai kawo masa ita. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki a cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su. Tambayar da jami'i zai yi wa kansa ita ce, shin mai kyautar nan ya san ƙofar gidana kafin a rantsar da ni?

Sai kuma bayyana kadara. Wajibi ne jami'i ya rubuta wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata duk abin da ya mallaka da bashin da ake bin sa, har da na 'ya'yansa marasa aure da ba su kai shekara 18 ba, da zarar ya kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da kuma ranar da ya sauka. Dukiyar da ta ƙaru a tsakani wadda albashinsa ko wata halattacciyar hanya ba za su iya bayyana ta ba, doka tana ɗaukarta a matsayin ta haram har sai ya kawo hujja. Kotun Ɗa'ar Ma'aikata tana da ikon ta tsige shi, ta hana shi riƙe muƙami har tsawon shekara goma, ta kuma ƙwace dukiyar, ba tare da hakan ya hana a gurfanar da shi a wata kotun ba idan abin da ya yi laifi ne na hukunci. Da yawa daga cikin kansiloli sukan ba wani ya cika musu fom ɗin cikin gaggawa ranar da za a rantsar da su. Wannan ganganci ne, domin takardar da aka cika da wasa ita ce za a ɗauko bayan shekaru a auna mutum da ita.

Yadda naira take fita daga baitulmali

Littafin ƙa'idojin kuɗi na ƙananan hukumomi, wanda kowane ma'aji ya san shi, ya shimfiɗa hanyar da kuɗi zai bi. Da farko sai abin da za a kashe yana cikin kasafin kuɗin da majalisar kansiloli ta amince da shi. Sannan a sami amincewar wanda ke da ikon amincewa da wannan adadi, domin ciyaman yana da iyakar da ba ya wucewa shi kaɗai. Abin da ya haura sai kwamitin kuɗi, abin da ya haura wannan kuma sai an nemi izini daga sama. Daga nan a rubuta bauca, a haɗa ta da takardun shaida, kamar yarjejeniyar kwangila da takardar injiniya cewa an yi aikin, ko takardar sito cewa kayan sun shigo. Odita na cikin gida ya duba kafin a biya. Ciyaman shi ne babban mai ba da lissafi, kuma umarninsa game da kuɗi a rubuce ake so, amma ba ya sa hannu a cak. Ma'aji da Daraktan Ma'aikata, wanda aka fi sani da DPM, su ne masu sa hannu. Hikimar raba wannan aiki ita ce kada mutum ɗaya ya yi umarni, ya biya, ya kuma duba kansa. A ƙarshen shekara ma'aji ya rufe littafi ya miƙa wa Babban Mai Binciken Kuɗi na Ƙananan Hukumomi, shi kuma ya kai rahotonsa gaban Majalisar Dokokin Jiha. Saukar ciyaman daga kujera ba ta sauke masa nauyin amsa tambaya a kan abin da aka kashe a zamaninsa.

A haƙiƙanin gaskiya, wanda ya fi kowa shiga tsaka mai wuya a wannan tsari shi ne ma'aikacin da ke ƙasa. Umarni yakan zo da baki, da yamma, cewa a fitar da kuɗi yanzu a gyara takardu daga baya. Idan ma'aji ya ƙi, yana tsoron a yi masa canjin wurin aiki zuwa inda ba ya so. Idan ya yarda, sa hannunsa ne a kan takarda ranar da masu bincike za su zo, mai umarnin kuwa babu inda sunansa ya fito. Kariyar da ƙa'ida ta ba shi ita ce ya nemi umarnin a rubuce, ya rubuta rashin amincewarsa a cikin fayil, odita kuma ya sanar da Babban Mai Binciken Kuɗi kafin kuɗin ya fita. Wannan ba rashin biyayya ba ne, kuma shugaban da ya san ciwon kansa zai gode wa ma'ajin da ya tsayar da shi. Domin rage irin wannan matsi ne Hukumar Tattara Bayanan Sirri Kan Harkokin Kuɗi ta ƙasa ta fitar da ƙa'ida a 2019, wadda ta taƙaita tsabar kuɗin da za a cire daga asusun ƙaramar hukuma zuwa naira 500,000 a rana. Ƙungiyar gwamnoni ta kai ƙara a kan haka, amma Babbar Kotun Tarayya ta kori ƙarar a 2022. Kuɗin da ya bi ta banki yana barin sawu, wanda aka ɗauka a jaka kuwa sai dai a yi ta rantse-rantse.

Wani abu da ya faru a nan Kano ya nuna amfanin waɗannan matakai. A watan Agusta na 2024, lokacin da kwamitocin riƙo suke jagorancin ƙananan hukumomi, labari ya ɓulla na wata kwangilar sayen magunguna wadda rahotanni suka ce an nemi kowace ƙaramar hukuma ta biya kimanin naira miliyan 10 a kanta. Mai Girma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya bayyana cewa ba da saninsa aka yi ba, ya kuma umarci Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci da Rashawa ta Jiha ta bincika. Tantance mai laifi da marar laifi aikin hukumar ne da kotu. Abin da ya shafi wannan tsokaci shi ne tambayoyin da ya kamata a ce an yi a kowace sakatariya kafin a biya: shin sayen yana cikin kasafin kuɗinmu, an tallata kwangilar, kwamitinmu ya zauna a kanta, maganin ya iso sito? Umarnin da ya zo daga ofishin da ke gaba da kai ba ya ɗauke maka wajibcin yin waɗannan tambayoyi.

A nan ne kuma aikin kansila yake. Jihar Kano tana da mazaɓu 484, kowace da kansilanta, kuma aikinsu na asali shi ne su tattauna kasafin kuɗi su amince da shi ko su gyara, su yi dokokin ƙaramar hukuma, su duba bayanin kuɗin shiga da na kashewa da ɓangaren zartarwa ya kamata ya gabatar musu a kai a kai. Kansilan da ya mayar da kansa mai jiran a ba shi aikin kwalbati ya sayar wa ɗan kwangila, ya zubar da ikon da yake da shi na tambaya, domin bakin da ya ci ba ya iya tuhuma. Sanin kowa ne cewa a zaɓukan 2018 da 2021 jam'iyyar APC ce ta lashe dukkan kujerun shugabanni 44, a zaɓen 26 ga Oktoba, 2024 kuma NNPP ta lashe su duka. Haka abin yake a kusan kowace jiha, kowace jam'iyya ce take mulki. Inda majalisa ta kasance babu ɗan adawa ko ɗaya, babu wanda siyasa za ta tura ya buɗe littafi, sai dai wanda tsoron Allah da kishin mazaɓarsa suka tura.

Abin da ke hannun jama'a

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta wa hukuma ya nemi bayani ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa. An daɗe ana gardama a kan ko dokar ta shafi jihohi, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Afrilu na 2025, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, cewa ta shafi dukkan matakan gwamnati. Ƙungiyar ci gaban gari, ko kwamitin iyayen yara, ko ƙungiyar manoma, suna iya rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya zuwa ga shugaban ƙaramar hukumarsu su nemi kofin kasafin kuɗin bana da jerin ayyukan da aka ware wa mazaɓarsu, da sunan ɗan kwangila da adadin kuɗin kowane aiki. A rubuta kwanan wata, a riƙe kofi guda wanda magatakarda ya buga wa hatimin karɓa. Ya fi kyau a sanar da mai unguwa da dagaci tun farko, domin su ne suka san inda aka ce an haƙa rijiya da inda aka haƙa ta da gaske, kuma shigarsu tana hana a mayar da maganar rigimar siyasa.

Idan amsa ba ta zo ba, ko ta zo ta saɓa da abin da ido ya gani, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe ta Jiha, wadda aka fara a zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka kuma yi mata doka a 2008, akwai kwamitin Majalisar Dokoki mai kula da ƙananan hukumomi, akwai kuma ofisoshin ICPC da EFCC da Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata a cikin Kano. Mai kai ƙorafi ya tafi da abin da za a iya bincikawa: sunan aikin, garin da yake, shekarar da aka sa shi a kasafi, hoton wurin yadda yake a yau, da sunayen mutum biyu ko uku na garin da suka yarda su ba da shaida. Zargin da aka gina a kan an ce ka ce yana ɓata sunan wanda wataƙila bai ci ba, yana kuma iya jawo wa mai yin sa ƙarar ɓata suna, don haka a tsaya a kan abin da takarda da hoto za su tabbatar.